Baƙin allo a ɗakin kwamfutarmu na Garwa: ps, top, kill da wall, me suka tsinana?

Kayan da zan yi magana a kansu ba a kanti ake sayensu ba. Ƙananan umarni ne da ke zuwa tare da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutarmu, waɗanda ake bugawa a baƙin allo: top, ps, kill, pkill, renice, sai kuma na aika saƙo, wato who, w, write, wall da mesg. Kullum da su nake aiki a ɗakin koyon kwamfuta da nake kula da shi a unguwar Yelwa, nan Garwa. Malamai 'yan'uwana na Marwa da Ngaundare sun sha tambayata ko akwai dalilin wahalar da kai a koye su, tunda ga linzami ga hotuna a allo. Amsata kashi biyu ce. Na kula da ayyukan da ke gudana a cikin na'ura, ban ga abin da ya kama ƙafarsu ba. Na aika saƙo kuwa tsufa ya cim musu, kuma hakan yana damuna ƙwarai.

Sai na faɗi yadda ɗakin yake kafin a gane dalilina. Kwamfuta ɗaya ce mai ƙarfi a wurinmu, mai injin sarrafawa huɗu da ƙwaƙwalwa gigabait 8, tana ɗauke da Debian 12, wani nau'in Linux. Sauran duk tsofaffi ne 'yan gwanjo da aka hauro da su daga Duwala, aikinsu kawai su shiga babbar ta hanyar SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa. Kowane ɗalibi da sunansa da kalmar sirrinsa, amma duk a kan inji ɗaya suke aiki. Masu koyon harsunan rubuta shiri na C da Python su ne suka fi yawa, kuma duk wanda ya taɓa koyar da waɗannan ya san ba a mako guda ba tare da wani ya rubuta shirin da ke zagaye ba ya tsayawa ba. Yaro ɗaya ya yi haka, sai ɗaki gaba ɗaya ya tsaya cak, kowa ya buga harafi ya zauna jiran fitowarsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, fankar na'urar takan fara kuka tun kafin yara su fara ƙorafi.

A irin wannan lokacin top nake fara bugawa. Layin farko yana nuna lambobi uku, nauyin da ke kan na'ura a minti 1, minti 5 da minti 15 da suka wuce. Tunda injinmu huɗu ne, idan na ga 4 na san ta cika. Idan na ga 9, to ayyuka sun yi layi suna jiran juna. A ƙasa kuma ga jerin ayyukan, wanda ya fi cin ƙarfi a sama, da sunan mai shi a gefe. Babban P yana jera su bisa cin inji, babban M bisa cin ƙwaƙwalwa, 1 yana nuna kowane inji daban, q kuma fita. Cikin ƙiftawar ido na san wane ne da kuma wane aiki. William LeFebvre ne ya rubuta top na asali a 1984, na Linux kuma wani rubutu ne daban da ke cikin kunshin procps, amma fasalin ɗaya ne.

Aibinsa shi ne ba ya maraba da baƙo. Allon cike yake da lambobi da gajerun kalmomi, ba mai yi maka bayani. Abin da ya fi ruɗa ɗalibaina shi ne layin ƙwaƙwalwa: su ga wadda ta rage fanko 'yar kaɗan ce, sai hankalinsu ya tashi, alhali Linux da gangan yake ajiye fayilolin da aka buɗe kwanan nan a wurin da babu mai amfani da shi, ya kuma saki wurin da zarar an buƙata. Lambar da aka rubuta avail Mem a layin da ke ƙasa ita ce ta gaskiya. Saboda haka sabon shiga htop nake ba shi, wanda wani ɗan Brazil mai suna Hisham Muhammad ya fara fitarwa a 2004. Yana da launi, ana hawa da sauka da maɓallan kibiya, F5 ya nuna wane aiki ne ya haifi wane, F9 ya kashe. Sai dai sai an sauke shi daga intanet. Mai kula da na'ura dole ya iya top, don shi ne zai tarar a duk kwamfutar da aka kira shi ya duba.

Shi ps hoto ɗaya yake ɗauka ya ajiye maka, ba ya motsi kamar top. Ina son sa saboda ana iya tace abin da ya fitar. Idan na buga ps -u da sunan ɗalibi, ayyukansa kaɗai zan gani. Idan na buga ps aux --sort=-%mem | head, manyan masu cin ƙwaƙwalwa ne za su fito a sama. Amma yana da wani hali mai gajiyarwa da ya gada: wasu zaɓuɓɓukan da ɗan layi a gabansu, kamar ps -ef, wasu babu, kamar ps aux. Dalili shi ne gidaje biyu ne suka raini Unix, tsohon tsarin da Linux ya kwaikwaya, na kamfanin AT&T da na Jami'ar Berkeley a Amurka, kowanne da salonsa, ps na Linux kuma ya karɓi duka biyun. Ni aux kawai nake koyarwa a wata na farko, kada kan yara ya rabu biyu.

Akwai wani ginshiƙi a cikinsa, STAT, wanda mutane ke tsallakewa, alhali nan labarin yake. R yana gudu, S yana barci yana jiran wani abu, T an dakatar da shi. Biyu ne ke ba da wahala. D yana nufin aikin ya maƙale yana jiran faifai, kuma a wannan hali ba ya jin kowane irin umarnin kisa. Mu a nan yawanci tsohon filashi ne ke jawo haka, irin wanda ya sha ƙurar hunturu a aljihu. Z kuma aiki ne da ya riga ya mutu, sunansa ne kawai ya rage a rajista domin aikin da ya haife shi bai zo ya karɓi labarin mutuwarsa ba. Ba ya cin inji, kuma kashe shi ba ya yiwuwa, sai dai a rufe mahaifin, sannan aiki mai lamba 1 ya share sunan.

Yanzu ga kill, wanda a kansa na fi so in daɗe, domin a nan ne ake cutar mutane. Kowane aiki yana da lambarsa, PID, kuma kill sigina yake aika wa wannan lambar. Idan ba ka faɗi wace sigina ba, ta 15 yake aikawa, mai suna TERM. Wannan kamar a ce wa 'yar kasuwa magariba ta yi ne, ta tattara kayanta ta rufe rumfa da hannunta. Sigina ta 9 kuwa, KILL, rushe rumfar ne da kaya a ciki. Aikin ba ya ma jin zuwanta, zuciyar tsarin ce ke cire shi kai tsaye, ba damar adana komai, ba damar share fayilolin wucin gadi. Matasa da yawa kill -9 suka fara ji a bakin abokai, sai suka ɗauka shi ne kill ɗin. A ɗakina doka ce: a fara da 15, a ɗan jira, a sake dubawa da ps. Sai wanda ya ƙi ji ake bi da 9.

Abin da na fi ƙauna a duk kunshin shi ne sigina biyun da ba a cika ambata ba, STOP da CONT. Idan aikin wani ya danne na'ura, kill -STOP da lambarsa zai daskarar da shi a inda yake, bai mutu ba, bai rasa komai ba, ɗaki kuma ya samu numfashi nan take. Sai in tashi in je wurin mai shi. Akwai wani yaro ɗan jami'a da ke zuwa da yamma yana gwada lissafin aikinsa na ƙarshen shekara. Ranar da aikinsa ya riƙe injina huɗu duka, na daskarar da shi na je na tsaya a kansa.

"Ɗana, wannan lissafin naka na gaske ne, ko zagaye yake yi?"

"Wallahi Malama na gaske ne, tun azahar yake tafiya. Don Allah kada ki kashe mini."

"Ban kashe ba. Bari 'yan'uwanka su tashi, in sake maka shi."

Da aka watse na buga kill -CONT, ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya. Da top da STOP kaɗai aka ba ni, da na ce kayan sun biya.

Idan kuma ba na so in tsayar da aiki gaba ɗaya, renice yana rage masa rabo. Ma'aunin daga -20 yake zuwa 19, kuma yadda lambar ta ƙara girma haka aikin ke ƙara haƙuri ya bar wasu su wuce. Kowa yana iya ƙara wa aikinsa haƙuri, amma rage lambar sai shugaban na'ura, wato root. Na koya wa masu dogon lissafi su riƙa sa nice -n 19 a gaban umarninsu tun daga farko. Sai dai a sani, inji kawai yake rabawa. Idan ƙwaƙwalwa aikin ke cinyewa, nice ba ya maganin komai, kuma in ta ƙare Linux da kansa zai zaɓi wanda zai kashe, ba tare da ya tambayi kowa ba. Maganin wannan yana wajen ulimit da fayil ɗin limits.conf, wanda zance ne na wata rana.

Haɗarin waɗannan kayan shi ne shirunsu. Ba sa tambayar ko ka tabbata, kuma in sun yi aiki ba sa cewa uffan. pkill da suna yake kisa maimakon lamba, kuma ko guntun suna ka ba shi zai kama duk wanda ya dace. Mai ikon root ya buga pkill python ba tare da -u da sunan ɗalibi ba, ya share aikin duk mai Python a ɗakin. Shi ya sa pgrep -a ke gaba kullum: tacewarsu ɗaya da pkill, amma shi nunawa kawai yake yi. Ka ga jerin da idonka, sannan ka canza kalmar. killall, na kunshin psmisc, cikakken suna yake nema, kuma da -i yana tambaya ɗaya bayan ɗaya, abin da na yaba masa. Wanda aiki zai kai shi kan na'urar Solaris, wani nau'in Unix, dai ya kiyaye, can killall kowa da kowa yake kashewa. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne ɗalibi ba ya iya taɓa aikin ɗan'uwansa, nasa kaɗai yake da iko a kai.

Ctrl+C, Ctrl+Z, jobs, bg da fg, na katse aikinka, dakatar da shi da ci gaba da shi, ba su da matsala, yara kan kama su a zama ɗaya. nohup ma haka, ga wanda ke tsoron aikinsa ya mutu idan waya ta katse tsakaninsa da babbar kwamfuta.

To, sai ɓangaren saƙo. who yana faɗin waɗanda ke ciki. w ya fi shi, yana ƙara tsawon lokacin da mutum ya yi bai taɓa maɓalli ba da abin da yake gudanarwa. A nan ina da magana da 'yan'uwana masu kula da ɗakuna irin nawa: wannan amana ce. Ana duba w ne don a san wa ke aiki kafin a kashe na'ura, ba don a bi diddigin yara ba. Kuma a faɗa wa ɗalibai cewa ps yana nuna wa kowa cikakken layin da ka buga don tayar da aiki, saboda haka kalmar sirri ba ta shiga layin umarni. Wanda yake so ya rufe wannan ƙofa, akwai zaɓin hidepid da ake sa wa /proc, inda Linux ke nuna bayanan ayyuka, sai kowa ya ga nasa kaɗai.

wall, mai aika saƙo ɗaya zuwa allon kowa, shi ne gwarzon wannan ɓangare, kuma dalilin wuta ne. Lantarkin yankinmu ya dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗauke wuta kan yawaita. Muna da batirin ajiya da ke riƙe ɗakin na 'yan mintoci. Da ya fara ƙara, layi ɗaya nake bugawa, da sudo mai ba da ikon root a gabansa:

sudo shutdown +5 "An dauke wuta, kowa ya adana aikinsa yanzu"

Saƙon zai faɗo a allon duk wanda ke ciki kamar na wall, na'ura kuma ta rufe kanta cikin tsari bayan minti 5. In wuta ta dawo kafin nan, shutdown -c ya soke. Idan sanarwa ce kawai, kamar lokacin sallar la'asar ya yi ko za a rufe ɗaki, sudo wall da saƙon ya isa. Ba intanet, ba kati, ba lambar wayar kowa. Wanda ya sa abin ji a kunne, da wanda ke zaune a ƙaramin ɗakin baya, duk zai iske su. Ɗalibi na iya toshe saƙonnin wasu da mesg n, amma na root yana ratsawa, kuma haka ya kamata.

Aibobinsa ba ƙanana ba ne. Saƙon tsakiyar rubutun mutum yake faɗowa. Mai rubutu a nano ko vim sai ya ga layukansa sun hargitse, ya ɗauka fayil ɗinsa ya lalace. Bai lalace ba, allon ne kawai, Ctrl+L yana wanke shi, amma sai an gaya wa mutum tun kafin ya firgita. Na biyu, wanda ke aiki a fuskar hotuna da linzami sau da yawa ba ya ganin komai, domin wall tashoshin rubutu da aka yi wa rajista kawai ya sani. Na uku ya shafe mu kai tsaye: tsofaffin fitowar wall da write ba su san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Ka rubuta ƙ, ya fito \306\231, haka ɓ da ɗ na Hausa da Fulatanci, haka é na Faransanci. An gyara wannan a sababbin fitowa, amma duk mai tsohuwar na'ura zai ci karo da shi. Shi ya sa saƙon wutar da na nuna a sama ba shi da lanƙwasa ko ɗaya, hannuna ya riga ya saba.

write kuma, na mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya, yana cikin tsofaffin umarnin Unix, tun fitowar farko ta 1971. Ka buga write da sunan mutum, duk layin da ka rubuta ya bayyana a allonsa, Ctrl+D ya rufe. Ba ya ajiye komai, kuma in mutumin ba ya ciki saƙon bai da inda za shi. Duk da haka ya yi mini aikin da babu wata manhajar zamani da ta yi. Ina da ɗalibai mata, wasu matan aure ne, waɗanda kunya ba ta barinsu su ɗaga hannu a gaban samari su ce ba su gane ba. Da write sukan turo mini layi ɗaya, "Malama, nawa ya ƙi tashi," in amsa daga kujerata ko in zagaya kamar ina duba kowa. Babu wanda ya san wa ta yi tambaya.

Wannan ƙofar ta rufe. A watan Maris na 2024 wani mai bincike, Skyler Ferrante, ya bayyana wata ɓaraka a wall, mai lamba CVE-2024-28085. wall ba ya tace haruffan sarrafa allo idan an sa su a layin umarni, don haka mai mugun nufi na iya zana wa wani tambayar kalmar sirri ta bogi a allonsa, kamar sudo ne ke nema. An toshe ɓarakar, Debian kuma ta ƙara da cire wa wall da write izinin musamman da ke ba talakan mai amfani damar rubutu a allon wani. Tun daga nan ni ina iya aika musu da ikon root, su ba sa iya mayar mini. A Debian 13, wadda ta fito a watan Agusta na 2025, an cire write da mesg ɗungurungum daga kunshin util-linux.

Na fahimci dalilinsu, kuma ban mayar da izinin da hannuna ba duk da mai kula da na'ura yana iya yi, domin ɗaki ne cike da matasa masu son gwada duk dabarar da suka ji. Amma masu yanke wannan hukunci sun ɗauka kowa yana da wata hanyar hira a hannunsa. A wurinmu WhatsApp kuɗin data yake ci, ba kowace ɗaliba ke da babbar waya ba, kuma ba kowace mace ce za ta so lambarta ta shiga rukunin da samari ke ciki ba. Tambayoyin da nake samu daga ɓangaren mata sun ragu, na kuma san ba ganewa ce ta ƙaru ba.

Game da littafin bayani, man ps da man kill suna nan a cikin na'ura ko babu intanet, amma da Turanci suke, na ps kuma dogo ne har ya gaji da mutum. Kunshin manpages-fr yana kawo fassarar Faransanci ta da yawa daga cikinsu, kuma ga yaranmu da suka yi lekol wannan babban sauƙi ne. Na Hausa kuwa, takarda ce na rubuta da hannuna na manna a bango kusa da ƙofa: w, top, pgrep, saƙo ga mai aikin, STOP, 15, sannan 9 a can ƙasa da jan biro.

Mai kwamfutar kansa shi kaɗai, wanda aikinsa buga takardu ne, top da kill sun ishe shi, sauran ba za su ƙara masa komai ba. Mai kula da ɗakin makaranta, ko shagon intanet, ko ofishin da mutane ke raba na'ura ɗaya, ya koye su duka, ya kuma gwada su a asusun da ba na root ba kafin ya taɓa aikin wani. Ni dai zan zauna a kan Debian 12 tukuna, tunda tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028. Kafin lokacin na ba manyan ɗalibaina biyu aikin rubuta ɗan ƙaramin shiri da Python, wanda ɗaliba za ta buga tambayarta ya ajiye a fayil ɗin da ni kaɗai ke iya karantawa, da sunanta da lambar kujerarta. Sun fara, kuma sharaɗin farko da na kafa musu shi ne ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai.